Jallabiyar Ammu Bayumi

Duk wanda ya tashi a garinmu ya san ƙaramar tagar nan da ke jikin katangar makarantar noma, inda ake sayar da madara da cuku da kindirmo da mai. Tun rana ba ta ɗaga ba mata suke jeruwa a gabanta, suna cin naman mazajensu har a buɗe. Abin da ba kowa ya damu ya sani ba shi ne, da wannan taga makarantar take numfashi. Abin da gwamnati take aikowa duk shekara, in aka biya wuta da ruwa aka sayi alli, sai a karkaɗe hannu. Amma tun zamanin da, an ba makarantar wani ɗan jari, aka ce ta juya shi. Ta yi kiwo, ta yi noma, ta sayar. Ribar a mayar da wani kaso cikin jarin, wani ya tafi baitulmali, malamai da ma'aikata su ɗan taɓa, ɗalibai ma su sami na mota. Da wannan ake gyara injin da ya tsaya, da shi ake sayen kayan da yara za su koyi aiki da hannunsu.

A da sassan suna da yawa. Kaji sun tafi a shekarar murar tsuntsaye, ba su dawo ba. Ƙudan zuma sun gudu da feshin magani ya yi yawa a gonakin da ke kewaye. Gonar ciyawa kuwa sabon titi ya cinye rabinta, abin da ya rage ba ya kai dabbobi rani sai an haɗa da dusa da angurya na kasuwa, waɗanda kullum farashinsu sama yake yi. Sai ya zama ba abin da ya saura sai ɓauna bakwai, irin ta gida da ake kiwo ana tatsa a wajenmu, da ɗakin cuku. Su bakwai ɗin nan kuwa a hannun mutum ɗaya suke, Ammu Bayumi, wato Kawu Bayumi.

Bayumi ɗan mutanen da ba su da gona ne. Ubansa ƙwadago yake yi a gonakin wasu, uwarsa kuma tana kiwon ɓaunar wani mai hali bisa sharaɗin a raba abin da ta haifa. A gindin wannan ɓauna ya yi rarrafe. Bai wuce aji uku ba aka cire shi daga karatu, saboda haka ranar da ya sami leburanci a makarantar noma, bayan ya gama aikin soja, uwarsa ta yi guɗa har muryarta ta dushe. Ta bi maƙwabta gida gida tana cewa ɗanta ya koma makaranta, kuma wannan karon gwamnati ce za ta riƙa biyansa. Kwasar kashin dabbobi aka ɗauke shi yi. Shekara ba ta zagayo ba tsohon mai tatsar ya rasu, Bayumi ya ja 'yar kujerar mamacin ya zauna. Ba wanda ya ce ya zauna, ba kuma wanda ya ce ya tashi.

Wanda bai zauna da ɓauna ba, in ya ga girman jikin nan da baƙin nan, sai ya ɗauka ba ta da zuciya. Ba dabbar da ta kai ta riƙo. Saniya kowa ya zo da bokiti za ta ba shi. Ɓauna kuwa sai ta ga dama. In ba ta ji bakin ɗanta a hantsarta ba, ko hannun da ta sani, sai ta ɗauke nonon ta riƙe shi can sama, ka ja har yatsunka su sage ba ka sami na zubawa a shayi ba. Makarantar kuma ba ta barin 'yan maruƙa su daɗe, da sun ɗan yi ƙwari ake sayar da su, don madarar da za su sha ta fi amfani a taga. Sai Bayumi ya zama shi ne ɗan maraƙin kowacce. Yana idar da sallar asuba zai hau kekensa, ya shiga rumfar yana gunguni da wata waƙa marar kai marar gindi da ya gada wurin uwarsa. Zai sosa wa wannan bayan kunne, ya zagi waccan zagin wasa, ya jingina goshinsa a gefen cikin kowacce, sai ka ji madara tana dukan bokiti.

'Yan matana yake ce musu, a gaban kowa, har a gaban matarsa Nabawiyya, wadda ake kira Ummu Sabri. Ita kuwa cewa take ta auri mijin mata bakwai, ita ce ta takwas, kuma ita kaɗai ce ba a sosa wa kunne. Garken ya yi ta sauyawa cikin shekaru, wasu su tsufa a sayar, a bar 'yar mace ɗaya ta maye gurbi, amma a ƙarshen zamaninsa babbarsu ita ce Hanim. Sunan matan manya ne, ya kuwa dace da ita. Tafiya take kamar an roƙe ta, ba ta cin ciyawar da wata ta shaƙa, kuma ita ake fara tatsa. In Hanim ta saki nono sauran ma za su saki, in ta riƙe kowacce ta riƙe.

To, a nan laifin Ammu Bayumi yake, kuma ba zan rufa masa asiri ba don yana da kirki. Mutumin nan kishi gare shi. Shekara talatin da wani abu ɗalibai suna shiga rumfar nan aji aji, maza da mata, don su koyi tatsa, shi kuwa yana ja musu layi a ƙasa da diddigensa.

"Daga nan ku tsaya. Ku kalla da ido, ido ma yana koyo. Kai mai turare, ja da baya, za ka sa mata ciwon kai!"

Ranar jarrabawar aiki da hannu kaɗai yake sassautawa. Zai zauna ya sauko da nonon da kansa, ya kira yaro ya kama kan hantsar ya ja sau biyu a gaban mai duba jarrabawa, sannan ya ture shi da kafaɗa. A ba yaron maki, a ba shi takardar shaida cewa ya iya tatsa. Malamai sun sani, shugaban makaranta ya sani, kowa ya yi bakam, don madara tana zuwa a kan lokaci kuma takalmin kowa bai taka kashi ba.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa ƙyale shi ba, Abla Insaf, malamar ɗakin cuku. Abla kuwa haka ake kiran malama mace a wajenmu. 'Yar birni ce, siririya, mai tabarau da farar rigar aiki da baki kamar reza. Yawancin ɗalibanta 'yan matan ƙauye ne, waɗanda in sun gama suke komawa gida su yi cuku su riƙe kansu da iyayensu, kuma saboda su ba ta ɗaga wa kowa ƙafa. Kullum safiya ita ke karɓar madarar daga hannunsa a ƙofar ɗakinta, kullum kuwa sai sun yi.

"Ammu Bayumi, ka wanke hannun nan kuwa?"

"Na yi alwala, Abla. Hannun da Ubangiji ya karɓa ke ce za ki mayar?"

"Ubangiji mai gafara ne, ni ba na gafarta gashi a cikin madara. Wannan jallabiyar kuma yaushe rabonta da sabulu?"

"'Yan matana ba su yi ƙorafi ba."

Ita ba ta taɓa taka rumfar ba. Tsoron ɓauna take ji, tsoro na gaske, ko da yake da za a yanka ta ba za ta amsa ba.

Da ya cika sittin takardar ritaya ta zo, kamar yadda take zuwar wa kowa. Aka yi masa 'yar walima a ofis, aka ba shi bargo da takardar yabo a cikin gilashi, shugaban makaranta Ustaz Wagdi ya yi jawabi har ya kira shi ginshiƙi. Ba wanda ya tambayi wa zai zauna a kujerar, don an daɗe da daina ɗaukar sababbin lebura, wanda ya tafi ya tafi da gurbinsa. Washegari aka samo wani ɗan ƙwadago daga ƙauye. Hanim ta dube shi sau ɗaya ta aika shi da bokitinsa jikin bango. Kafin hantsi Ustaz Wagdi da kansa yana ƙofar gidan Bayumi yana sallama. Bayumi ya fito yana gyara hula, yana ƙoƙarin ɓoye murmushi, murmushin ya ƙi ɓoyuwa. Daga ranar ya koma aikinsa, ba albashi ba komai. A wurin shan shayi ya riƙa ba da labarin bokitin nan, kullum bangon yana ƙara nisa.

Haka aka tafi wata da watanni, kowa ya ɗauka an huta. Sai kuɗin sallamarsa suka fito, Nabawiyya ta tuna masa alkawarin da ya yi mata tun suna amarci, cewa zai kai ta ta ga Ka'aba. Ya yi ta kame-kame, ta ce ko ya kai ta ko ta tafi da ɗanta ta bar shi da matansa. Suka tafi umara. A Madina ma hankalinsa yana rumfa. Ya buga wa maigadin makaranta waya ya ce a kara wa Hanim a kunne, ya yi mata waƙar nan yana tsaye a farfajiyar masauki, mutane suna wucewa suna kallonsa. Hanim ta saurara, ta waiwaya ta neme shi ba ta gan shi ba, ta buge wayar da ƙaho ta faɗa cikin kwatami.

Sun dawo sun tarar ɗansu Sabri ya zana jirgin sama a bangon gida, kamar yadda ake yi wa wanda ya sauke farali, ko da yake umara ce ba hajji ba, jirgin kuma ya fi kama da kifi. 'Yan barka suka yi ta shigowa, ana ba su dabino da ruwan Zamzam. Ana cikin haka Abla Insaf ta yi sallama. Ba ta taɓa zuwa gidan ba. Ta zauna a bakin kujera da jakarta a kan cinya, ta sha Zamzam, ta yi musu addu'ar Allah ya karɓa.

"Na ji an ce 'yan matana sun yi yajin aiki," in ji Bayumi, yana dariya har da buga gwiwa.

"Dariya ma kake yi, Ammu Bayumi?"

Sai ta zayyana masa. Likitan dabbobi ya yi ta yi musu allurar saukar da nono, allurar tana cin kuɗi, dabbobin kuma suna ƙara firgita. Biyu hantsarsu ta kumbura, nononsu ya ƙafe. Taga ta yi kwanaki a rufe, matan da suke layi sun koma wurin mai shago, kuma wanda ya saba da wata ƙofa ba ya saurin dawowa. 'Yan matanta suna zaune a ɗakin cuku suna kwafar yadda ake cuku daga allo. Kwamiti ya zo daga lardi ya ce sashen asara yake yi, kuma ba a yarda dukiyar gwamnati ta dogara da mutumin da ba ya cikin ma'aikata ba. Sun ba da wa'adi zuwa ƙarshen lokacin ɗanyar ciyawa. In madara ba ta dawo ba, kuma a hannun mutanen makaranta, za a yi gwanjon garken a rufe ɗakin.

"Sun zo da wani mutum, wai mai ƙiyasta farashi," ta ce. "Na tsaya ina kallon inda yake taɓawa. Ko hantsa bai duba ba. Cinyar Hanim yake latsawa."

Dariyar ta ɗauke. Bayumi ya ajiye dabinon da ke hannunsa.

"Gobe da asuba ina can. Ki ba ni 'yan kwanaki, zan dawo da su."

"In ka dawo da su, sai me? Ba za ka yi mura ba? Ba za ka mutu ba? Shekara nawa kana cikin makaranta, ba ka koya wa mutum ɗaya ba. Mu ma da namu laifin, mun ji daɗi mun bar ka. Amma kai ne ka ja layin nan a ƙasa. Ka so su, ban musa ba. Son da ka yi musu ne zai kai su hannun mahauci."

Ran Bayumi ya ɓaci ƙwarai, don ya san gaskiya ta faɗa. Ya ɗaga murya ya ce a gidansa, a kan kujerarsa, da ruwan Zamzam ɗinsa a cikinta za ta gaya masa wannan? Nabawiyya ta shigo da shayi ta dire tiren a tsakaninsu.

"Rage murya, Abu Sabri, jiya jiya ka dawo daga ɗakin Allah. Abla ba ta faɗi abin da ban faɗa ba shekara ashirin." Ta juya wurin baƙuwar. "Ke 'yata, wa zai zauna a kujerar? Kuna da mutum?"

Abla Insaf ta gyara tabarau. Ta ce ba su da kowa. Sannan ta ce, "Ni ce. In na iya, zan koya wa yaran."

"To ki saurara. Lokacin da uwata ta haifi ƙanena ta kwanta jego, ɓaunarmu ta ƙi ubana. Mutum mai gashin baki kamar tsintsiya. Sai ya sa baƙar rigar uwata, ya yafa mayafinta, ya shiga yana rangwaɗa. Ta shaƙa ta saki nono. Maƙwabta sun leƙo ta katanga, har ya mutu ana kiransa da sunan uwata." Ta nuna mijinta da haɓa. "Ɓauna da hanci take gane mutum. Jallabiyar aikinsa tana nan a rataye, ban wanke ba, don ya ce in na wanke ya sake ni."

Abla Insaf ta runtse ido kamar an ba ta magani mai ɗaci. Ta ce a kawo.

Haka aka fara. Da asuba malamar da ta shekara ashirin tana yaƙi da wannan jallabiya ta zura ta a kan kayanta, ta naɗe hannuwan, ta ɗaure gindin da igiya don kada ta taka. Bayumi ya zauna a kujerarsa ya sauko da nonon, ya sa ta durƙusa a gefensa, kafaɗa da kafaɗa. Ta sunkuya a tsorace, tabarau yana zamewa. Ya ce kada ta riƙe numfashi, ɓauna tana jin mai tsoro. Ya koya mata inda ake sosawa, da yadda ake naɗe babban yatsa, da yadda ake jingina goshi a ciki a bar nauyin kai a kanta. Ya koya mata waƙar ma. Allah ya ba Abla Insaf ilimi amma bai ba ta murya ba.

"Abla, waƙa na ce, ba kiran 'yan kwana-kwana ba."

"Haka uwarka ta yi ta, ko kai ka lalata ta a hanya?"

Sannu a hankali ya riƙa zare hannunsa ya bar nata. Daga nan ya ba ta kujerar ya tsaya a kanta. Daga nan ya koma bakin ƙofa. Ƙananan suka fara yarda, ɗaya bayan ɗaya, matuƙar suna ganinsa. Ta fara shigo da ɗalibai biyu biyu, su ma ana yafa musu tsohon rawaninsa a kafaɗa. Ranar da ya ga wata yarinya ta cika rabin bokiti ita kaɗai, ya buɗe baki zai ce ta ja da baya, sai ya rufe.

Saura abu ɗaya, shi ne mai wuyar. Dole ya daina zuwa. Abla Insaf ce ta faɗa masa, a hankali wannan karon, ba da bakin reza ba. Ya ce to. Washegari ya yi sallar asuba, ya ce wa Nabawiyya zai ɗan taka ya miƙe ƙafa, ƙafar kuwa ta kai shi bayan katangar rumfa. Ya tsaya yana saurare. Ya ji waƙar nan da muryar da ba tasa ba. Ya ji Hanim tana huci, tana taka ƙasa, sannan ta yi shiru. Can sai ya ji ɗigon farko a gindin bokiti, siriri, sannan na biyu.  Ya yi tari.

Ba tarin mura ba ne, shi ma ya sani. Irin gyaran muryar da yake yi ne kullum in zai shiga rumfa. Nan take Hanim ta ɗaga kai ta saki wani kuka mai tsawo, sauran suka amsa, ya ji bokiti ya kife. Kuma ga abin kunyar: daɗi ya ji. Daɗi ya rufe shi tun daga kai har ƙafa, kafin kunya ta biyo baya ta same shi a tsaye.

Abla Insaf ta zagayo katangar a cikin jallabiyarsa, madara tana ɗiga daga gabanta, kashi har gwiwa. Ya jira ta zazzage shi, ya ma fi son ta zazzage shi. Ba ta yi ba. Ta cire tabarau tana gogewa da gefen mayafi, sai ya ga idonta ya cika.

"Ta fara saki, Ammu Bayumi," ta ce. "Wallahi ta fara saki."

 Ya juya ya tafi gida, ya sami Nabawiyya tana gasa gurasa, ya zauna a ƙasa kusa da ita ya gaya mata abin da ya yi, bai rage komai ba. Ba ta yi masa tsiya ba, abin da bai taɓa faruwa ba. Ta ɓare gurasa mai zafi ta miƙa masa. Shi da bakinsa ya ce ta haɗa masa kaya, zai tafi wurin 'yarsu Widad da ke aure a wani gari can gaba da kogi, don in yana garin nan ƙafarsa ba za ta ji maganarsa ba.

A gidan Widad ya zauna har ciyawa ta fara bushewa a gonaki. Kullum yana farkawa a lokacin tatsa, ya yi salla, ya zauna a bakin gado da hannuwansa a kan gwiwa bai san abin da zai yi da su ba. Ya gyara duk ƙofar da ke ƙara a gidan, ya raka jikoki makaranta, ya rame. Ya hana kansa bugawa maigadi waya. Labari sai ta bakin Sabri yake zuwa, guntu guntu. Hanim ta yi kwanaki tana kuka ba ta cin abincin kirki. Ta taka wa Abla ƙafa, Abla tana zuwa aiki da ɗingishi. An buɗe taga rabin safiya. Sannan wata rana Sabri ya ce kwamiti ya zo ya tsaya a rumfa, ya ga ɗalibai suna tatsa malamarsu tana kansu. Biyun da nononsu ya ƙafe an yi gwanjonsu, wannan ba makawa. Sauran biyar an bar su, ɗakin cuku ma an bar shi, zuwa baɗi a sake dubawa.

"Hanim fa?"

"Tana nan, Baba. Ita ake fara tatsa."

Ya dawo gida ran wata Laraba. Washegari da safe ya sa jallabiyarsa ta zuwa masallacin Juma'a, ya fita. Bai bi ta bayan katanga ba, ta gaba ya bi, ya shiga layin taga a bayan mata. A rayuwarsa bai taɓa sayen madara ba. Matan suka yi ta tsokanarsa, wai ango ya zo gaida amare, wai ko an sake shi ne. Ya biye musu da dariya har layi ya kawo kansa.

Wata ɗaliba ce a tagar. Da ta gan shi ta ruga ciki, sai ga Abla Insaf ta fito da farar rigarta, tana ɗan jan ƙafa. Suka gaisa. Ta ɗebo madarar da kanta ta ƙulla a leda, ta ce ya bar kuɗinsa, ya ce ai dukiyar gwamnati ce, ya ajiye a kan tagar. Ya tambayi ƙafarta. Ya tambayi ko suna sa gishiri a dusa. Ya tambayi ko an gyara rufin da ke yoyo. Ta amsa duka. Ta ce jallabiyar tana nan, sun daina sawa, in yana so a wanke a kawo masa. Ya ce a bar ta. Ya ɗauki ledar, ya juya kamar zai tafi, ya dawo, ya sunkuyo ya rage murya don kada matan su ji.

"Abla. Tana nemana?"

Abla Insaf ta dube shi ta saman tabarau. Ta san amsar da yake so, ta san kuma amsar da ya tafi wani gari don a samu. Ba ta taɓa yi masa ƙarya ba, ba ta ga dalilin farawa yau ba.

"Da farko ta nema, har ta ba mu tausayi. Yanzu ta daina, Ammu Bayumi."

Ya gyaɗa kai, ya sake gyaɗawa.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Haka ake so."

Ya matsa ya ba matar da ke bayansa wuri. Madarar da sauran ɗuminta, ya rungume ledar a ƙirji da hannu biyu. Gidansa ba nisa, amma ya bi doguwar hanya ta bakin ruwa, yana tafiya a hankali, don fuskarsa ta bushe kafin Nabawiyya ta gani.